Gonar Johnson a bakin kogin Pedernales

Duk wanda ya nufi gonar Lyndon Johnson, shugaban Amurka na 36, sai ya fara tsayawa a ofishin baƙi da ke kusa da ƙauyen Stonewall a jihar Texas, ya karɓi takardar izinin shiga da mota. Ba a biyan ko sisi. Daga nan kai da motarka ne, kuma tafiyar a hankali ake yin ta, don shanu na iya tare hanya su tsaya suna kallonka.

Shanun nan jajaye ne masu farar fuska, irin da ake kira Hereford. Da Johnson zai bar wa gwamnati gonar, ya gindaya sharaɗi cewa a ci gaba da kiwo a cikinta. Shi ya sa da na sauke gilashin mota, warin kashin shanu da na ciyawa ya fara tarbata, kuma hakan ya yi mini daɗi ƙwarai.

Inda na fi daɗewa shi ne wata 'yar makaranta mai ɗaki guda, Junction, inda aka fara kai shi karatu yana ɗan shekara huɗu. Na leƙa ciki: 'yan kujerun katako, allo, da murhun ɗumama ɗaki. A ranar 11 ga Afrilun 1965 ya dawo nan a matsayin shugaban ƙasa, aka kafa tebur a waje, ya zaunar da malamarsa ta farko a gefensa, ya sa hannu kan dokar da ta buɗe wa makarantun 'ya'yan talakawa ƙofar samun kuɗin gwamnatin tarayya. Mutumin da kansa ya taɓa koyarwa, a 1928, a garin Cotulla, inda ɗalibansa 'ya'yan talakawa ne 'yan asalin Meziko. Tsayuwata a bakin ƙofar nan ce ta sa na gane cewa dokar ba daga takardun ofis ta fito ba, abin da ya gani da idonsa ne.

Babban gidan, wanda ake wa laƙabi da Fadar White House ta Texas, na tarar da shi a rufe ana gyara, sai daga waje na kalle shi. Saboda haka mai niyyar zuwa ya bincika tukuna. Ban ji na yi asara ba. A ƙarƙashin katuwar bishiyar da ke gaban gidan yake tara ministocinsa su yi shawara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kwanakin mulkinsa a gonar nan ya yi su. A bayan gidan akwai filin saukar jirgi da ƙaramin jirgin da ke kawo shi. Cikin baƙin da suka taka wurin har da Bashir Ahmad, wani mai raƙumi daga Karachi, wanda Johnson ya gayyata a 1961 yana mataimakin shugaban ƙasa.

A gonar ya rasu, ranar 22 ga Janairun 1973, kuma kabarinsa na cikin maƙabartar danginsu, 'yar tafiya kaɗan daga inda aka haife shi a 1908. Matarsa Lady Bird na kwance kusa da shi tun 2007.

Sai dai gonar ta fi nuna kyakkyawar fuskarsa. Yaƙin Biyetnam, da ɗimbin rayukan da ya ci, da yadda ya kai shi ga janyewa daga takara a watan Maris na 1968, ba za ka ji nauyinsu a tsakanin shanu da inuwar itatuwa ba, kuma wannan ya tsaya mini a rai. Don haka washegari na kama hanyar Austin, inda ɗakin adana takardun mulkinsa yake, a harabar Jami'ar Texas.