Hoton giwa a Mole ba sai da kyamara mai tsada ba

Duk lokacin da matasan unguwarmu ta Aboabo, a nan Kumasi, suka ga hotunan namun dajin da nake ɗauka, tambayar farko da suke yi mini ita ce wace irin kyamara ya kamata mutum ya saya kafin ya nufi gandun daji. Na fahimci dalilin tambayar, domin hotunan da ido ya saba gani a talabijin da intanet na ƙwararru ne, waɗanda ake ganin gashin idon giwa ko digon ruwa a bakin tsuntsu, kuma irin waɗannan ana ɗaukarsu ne da dogon gilashin da kuɗinsa zai iya kama na mota. Amsar da nake ba su ita ce, mai ɗaukar hoto don sha'awa bai kamata ya sa kansa tsere da waɗannan mutane ba. Akwai wani irin hoto da ya fi dacewa da kayan da ke hannunmu, kuma a ganina ya fi faɗin gaskiya, wato hoton da ke nuna dabba a cikin muhallinta, tare da ciyawar da take kiwo da ruwan da take sha da itatuwan da take fakewa a inuwarsu.

Babu wurin da ya fi Mole dacewa da wannan aiki a duk ƙasar Ghana. Shi ne gandun namun daji mafi girma a ƙasar, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500. An keɓe shi don kare namun daji a 1958, aka mai da shi cikakken gandun ƙasa a 1971. Daga Kumasi mutum zai bi ta Techiman da Kintampo, ya ƙetare gadar Buipe, ya karya kwana a Fufulso ya nufi Damongo, daga nan sai Larabanga, wadda take dab da ƙofar gandun. Tafiyar takan cinye mafi yawan yini, saboda haka wanda ya yi sammako bayan sallar asuba shi ke isa da sauran rana. Masauƙin baƙi na gandun yana kan wani tudu ne mai tsayi, a ƙarƙashinsa kuma akwai tafkuna da dabbobi ke zuwa shan ruwa, ta yadda mutum yana zaune a bakin tudun zai hangi giwaye suna wanka, mariya da gwambaza suna kiwo a gefe, ga daji ya miƙe har iyakar ganin ido. Daga wannan tudu ko wayar hannu mai kyamara mai kyau za ta iya fitar da hoton da za a rataya a bango, muddin mai ɗauka ya yarda giwar ta fito ƙarama a cikin hoton, ya bar faɗin dajin ya cika sauran wurin.

Wannan yarda ita ce ke yi wa masu koyo wuya. Mutum yakan sa yatsu biyu ya yi ta jawo hoton a fuskar waya har giwar ta cika ta, bai san cewa wayar ba ta ƙara masa komai ba, yanka hoton kawai take yi tana buɗa shi, shi ya sa idan ya dawo gida sai ya tarar da abu dishi-dishi. Mafi muni kuma shi ne wanda ke neman cike gurbin gilashin da ba shi da shi da ƙafafunsa, ya riƙa matsawa kusa da dabba. A Mole ana shiga daji a ƙafa, da safe wajen ƙarfe bakwai da kuma bayan ƙarfe uku na rana, kuma ba a shiga sai tare da ma'aikacin gandun mai ɗauke da bindiga. Inda ya ce a tsaya, nan ne iyaka. Giwayen da ake yawan gani kusa da masauƙi sun saba da mutane, amma sabo bai mai da su dabbobin gida ba. Giwar da ke kaɗa kunnuwa a hankali fifita take yi saboda zafi. Wadda kuwa ta ɗaga kai, ta baje kunnuwa ta tsayar da su, ta fuskanci mutum tana girgiza kai, gargaɗi take yi, kuma duk hoton da aka ɗauka a wannan hali hoto ne na dabbar da aka takura wa. Ni ba na ganinsa a matsayin abin alfahari, ko da ya yi kyau a ido.

Maharban Hausa na da sun san wani abu da mai kyamara yake bukata. Sukan ɗaura kan burtu a goshi, su duƙa su riƙa tafiya suna kwaikwayon yadda tsuntsun ke kiwo, har su kusanci nama ba tare da ya firgita ba. Ba ina cewa a ɗaura burtu a shiga gandu ba, domin doka ma ba ta yarda a yi wa dabbobi sanɗa ba. Abin ɗauka shi ne sanin halin dabba da iya natsuwa. Maharbi ya san iska ce ke kai wa nama labari, don haka yakan bi ta inda iskar ke kaɗowa daga wajen dabbar zuwa gare shi. Ya san motsin gaggawa ya fi launin tufafi tsoratarwa, ko da yake farar riga kar ba ta dace da daji ba, baƙa da shuɗiya kuwa su ne ke jawo ƙudan tsando, wanda ke da yawa a wasu sassan Mole, cizonsa kuma ba ya barin hannu ya tsaya cik. Wanda ya sami wuri ya zauna shiru na rabin sa'a zai ga gadu ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba yana tonon saiwa, mazo ya leƙo daga cikin duhuwa, jan biri ya hau kututture yana dube-dube, alhali wanda ke ta kai da kawowa bayansu kawai zai gani suna gudu.

Sai batun lokaci, wanda ya fi kowace kyamara tasiri. Daga Disamba zuwa Afrilu ne aka fi ganin dabbobi a Mole, saboda ƙananan rafuka sun ƙafe, ciyawa ta bushe ko an ƙone ta, dole kowace dabba ta nemi ruwan da ya rage. A wuraren da aka yi ƙuna da wuri, sabon tsiro yakan fito kore shar a kan baƙar ƙasa, mariya kuma tana son wannan tsiro, sai jan jikinta ya fito fes a tsakanin baƙi da kore. Da damina daji ya fi kyau ga mai son hoton shimfiɗar ƙasa da gizagizai, amma ciyawa takan fi mutum tsayi, dabbobi su warwatsu. A cikin yini kuma, mu da ke kusa da tsakiyar duniya ba mu da doguwar safiya: rana takan fito wajen ƙarfe shida, kafin ƙarfe tara ta yi sama, haskenta ya yi kaifi, inuwa ta taru a ƙarƙashin dabba ta ɓoye idonta. Sa'o'i biyun farko da sa'ar ƙarshe kafin magariba su ne rabon mai hoto.

Mutane da yawa suna ƙorafi da hazon hunturu, suna cewa yana ɓata hoto, amma ni ina ganin kyauta ce ga wanda ya iya aiki da shi. Gaskiya ne yana shafe abin da ke nesa, yana mai da sararin sama fari fat, sai dai yana tausasa hasken rana, yana kuma jera itatuwan kaɗanya da ɗorawa sahu-sahu, na kusa da duhu, na bayansu suna ƙara dusashewa, har na ƙarshe su narke cikin ƙura. Irin wannan hoto namu ne na yammacin Afirka, ba za a same shi a gandayen Kenya ko Tanzaniya ba. Abin kiyayewa shi ne a rage faɗin sama a cikin hoton, a kuma kare kayan aiki: kada a cire gilashin kyamara a fili ana iska, a riƙa sa ta cikin jaka idan ba a aiki da ita, kuma a hure ƙura kafin a goge gilashi, domin gogewa a kan ƙura ita ce ke karce shi. Ga mai kyamarar da ake saita ta da hannu, dabbar da ke tsaye za ta fito sarai idan ƙiftawar kyamara ta kai kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, tsuntsu mai tashi kuwa yana bukatar kashi ɗaya cikin 2,000 ko kusa da haka. Giwar da ta fito daga ruwa baƙa ƙirin take, ruwan bayanta kuma yana ƙyalli, saboda haka kyamara takan rikice ta duhunta dabbar. Sai a taɓa jikin giwar a fuskar waya, ko a ɗan ƙara haske da hannu.

Kurmin kudu wani darasi ne dabam. Gandun Kakum, da ke arewa da Cape Coast, ya shahara da gadojin igiya guda bakwai da aka rataya a tsakanin manyan itatuwa aka buɗe a 1995, tsawonsu gaba ɗaya ya haura mita 300. Akwai giwayen kurmi da birai iri-iri a cikinsa, amma baƙon da ya je da rana tare da ayarin 'yan makaranta da wuya ya ga ko ɗaya, kuma gadar tana lilo da kowane taku. Wanda ya je neman hoton dabba zai dawo da ɓacin rai, wanda kuwa ya je da sassafe don ya ɗauki saman kurmin da raɓa ke tashi daga cikinsa zai dawo da abin nunawa. A ƙarƙashin itatuwa haske kaɗan ne, don haka sai a jingina kyamara da kututture, a mai da hankali ga ƙananan abubuwa.

Mu mazauna Kumasi ba sai mun yi nisa ba kafin mu koyi wannan. Kurmin Bobiri yana kusa da Kubease a kan hanyar Ankara, kuma an san shi da malam-buɗe-littafi kusan iri 400, waɗanda ke sauka a kan damshin hanya da hantsi idan rana ta ɗumama su. Owabi ma tana bayan gari, ga ruwa ga tsuntsaye. Wanda ya iya ɗaukar malam-buɗe-littafi ba tare da inuwarsa ta faɗa masa ta kore shi ba, ya riga ya koyi rabin abin da zai bukata a gaban giwa. 'Yan'uwanmu na unguwannin Nima da Madina a Ankara kuma suna da tsaunukan Shai a kan hanyar Akosombo, inda ake ganin mariya da garken bika. A nan ne nake roƙon kada a miƙa wa biri ayaba ko biskit don ya matso a ɗauke shi hoto. Birin da aka saba ba abinci yakan daina tsoron mutum, ya koma fizgen jaka da shiga ɗaki, ƙarshenta shi ake ɗauka a matsayin fitina, alhali mu muka koya masa.

Akwai wani dalilin da ya sa nake nacewa a kan hoton da ke nuna dabba da wurinta. A da Mole gidan zaki ne, dattawan ƙauyukan da ke kewaye da shi sun san rurinsa. Amma masu bincike da suka ɗaɗɗaura kyamarori masu ɗauka da kansu a sassan gandun tsakanin 2006 da 2009 sun sami hoton damisa da kura, ba su sami na zaki ko ɗaya ba. A gandun Bui kuma, madatsar ruwan da aka kammala a 2013 ta shanye wani yanki na bakin kogin da dorina ke zama. Daji yana sauyawa a cikin rayuwar mutum ɗaya, kuma hoton da ya nuna tafki da itatuwan da ke gefensa da yawan dabbobin da ke sha a wata rana sananniya, shaida ce da za a iya komawa gare ta bayan shekara 20, abin da hoton ido ko haure kaɗai ba zai iya bayarwa ba.

Saboda haka ina rubuta wuri da kwanan wata da sunan dabba a kan kowane hoton da na ajiye, da Hausa idan na san sunan, in kuma tambayi ma'aikacin gandun yadda ake kiranta da harshen Gwanja. Ina wanke waɗanda suka fi kyau a kan takarda, domin waya tana ɓata, tana kuma lalacewa. Idan zan sa hoton giwa mai manyan haure a Facebook, nakan ambaci sunan gandun kawai, in kashe alamar da waya ke liƙawa mai nuna ainihin inda aka tsaya, domin har yanzu akwai masu farautar sata, kuma su ma suna duba intanet. A hanyar dawowa kuma, wanda ya tsaya a Larabanga don ɗaukar tsohon masallacin ƙasa na garin, ya fara yin sallama ga masu kula da shi ya nemi izini, haka nan kada ya ɗaga kyamara a kan dattijo ko mace ko yaro sai an amince masa.