Yau Laraba, da batun ɗakin kwanan yaran Hajiya

Aiki biyu na ɗaukar hoton 360 na ɗora wa kaina yau, irin hoton nan da mai kallo ke juyawa ya ga ko'ina. Na safe ya tafi lafiya lau, na yamma ne ya tsaya min a rai har yanzu da nake wannan rubutun.

Na safen wajen masu kayan ɗakin nan ne da suka daɗe suna ja min rai. Da wuri muka isa ni da Auta, yaron da ke taya ni aiki, kafin kwastomomi su fara shigowa, don kun san kyamarar nan ba ta da baya, ido biyu gare ta, kowanne yana ɗaukar abin da ya ɗan haura digiri 180, in aka ɗinke su a samu 360 cif, sama da ƙasa da komai da komai. Duk wanda ya gifta ya shiga, har mai ita. Sai dai ka kafa ta a tsakiya ka je ka laɓe bayan durowa ka danna ta waya. Madubai ne suka so su ba mu aiki, kowane lungu da nasa, ka ɓuya wa kyamara madubi ya tona ka. Auta ne ya yi ta karkata su kaɗan kaɗan har kyamarar ta daina ganin kanta, wallahi hannun yaron nan ya fara faɗawa, na ji daɗi sosai. Mai wajen abu ɗaya ya roƙa, wai in sa ɗakin nunin ya ƙara faɗi. Na ce Alhaji ai irin hoton nan da kansa yake buɗa wuri, in na ƙara kuma mutum ya zo ya tarar ba haka ba, laifinka zai gani. Ya yi dariya ya ce shikenan, a bar shi yadda yake.

Sai cibiyar Hajiya, inda take riƙon yara suna kwana suna karatu.

Tun farko mun gama magana da ita: ajujuwa, ɗakin karatu, filin wasa, ɗakin kwana, duk za a ɗauka amma lokacin da yara ba sa ciki. Ina cikin ɗakin kwanan ina shiri, saboda kowane gado akwai 'yar farar takarda da aka manna a kansa da sunan yaro da biro, a bayan ƙofa kuma ga jadawalin masu shan magani, suna da lokaci da irin maganin. Mai ɗaukar hoto na yau da kullum juya baya kawai zai yi ya bar su, ni kuwa dole in bi su ɗaya bayan ɗaya ina rufewa, don hoton da kyamarar ke fitarwa faɗinsa ya haura fiksel 11,000, wanda ya jawo shi kusa a wayarsa zai karanta rubutun tas. Ina durƙushe a gado na ƙarshe sai ga Yallaɓai na kwamitin tara tallafi ya shigo, Hajiya na biye da shi.

Ya duba hagu ya duba dama ya ce, "Malam, ina yaran?"

Na ce suna aji Yallaɓai, haka muka tsara da Hajiya.

Ya ce, "To wa zai ciro kuɗinsa saboda gado da katifa? Ɗakin da ba kowa ai ba ya ba da tausayi."

Hajiya ba ta ɗaga murya ba, kun san ta. Ta ce yaran nan amana ne a hannunta, wasu ma akwai dangin da ba a so su san inda suke, ba ta da ikon bayar da fuskar kowa. Ya ce a dusashe fuskokin mana, ai Google ma haka suke yi. Nan na sa baki, don wannan kam fagena ne. Na ce Yallaɓai, lokacin da Google suka fito da Street View, wato hoton zagayen tituna, a 2007 fuskokin mutane a fili suke, sai da aka yi ta ƙorafi suka fara dusashe su a 2008, kuma wannan na mai wucewa ne a titi, wanda ba shi aka zo ɗauka ba. Yaro a kan gadon da yake kwana daban ne. In ka dusashe fuskarsa sai ya koma kamar wanda aka kama da laifi ana nuna shi a labaran talabijin, sannan ba ka ɓoye shi ba ma, wanda ya san shi zai gane shi ta tabon hannu ko rigar da ke jikinsa ko yadda yake zama. Na ce a Jamus a 2010 gidaje sama da 240,000 ne suka nemi a dusashe hoton gidansu kafin a ɗora, manyan mutane kenan, a kan bangon gida kawai. To ina ga yaron da ba a tambaye shi ba, in an tambaye shi ma ba zai iya cewa a'a ba tunda a nan yake ci yake kwana.

Abin da na so ya gane, hoto na yau da kullum mai ɗauka ne ke zaɓar abin da za a gani, a kalla a wuce. Irin wannan zagayen kuwa mai kallo ne ke riƙe da akala, ya juya inda ya so, ya tsaya iya son ransa, ya jawo kusa, ya adana a wayarsa, ya fita ya sake dawowa. Yaron da yake ɗan bakwai yau zai kai sha bakwai, adireshin shafin yana nan yana buɗewa, abokansa na makaranta za su iya shiga su tarar da shi zaune a wannan gadon.

Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Malam, duk na ji. Amma ni nake bin ofis ofis ana min alƙawari ana ɓacewa. Rufin nan yana yoyo, ma'aikata suna jiran albashi. Na san abin da ke sa mutum ya sa hannu a aljihu, kai ba ka sani ba."

Wannan maganar ce ta zauna min, don ba ƙarya ya yi ba, kuma ba mugun mutum ba ne, da shi ake biyan kuɗin maganin da ke cikin jadawalin da na rufe. Na kawo masa misalin gidajen tarihi 17 da Google suka fara ɗorawa a 2011, har da fadar Versailles ta Faransa, duk ba kowa a ciki aka ɗauke su kuma mutane suna ta shiga. Ya ce, "Su ai zanen da ke bango ake zuwa gani. Mu me ke bangonmu?" Ya kaɗa mukullin motarsa ya fita. Hajiya ta ce min, "Ɗana, yi aikinka yadda muka ce," ta bi bayansa.

Na yi aikina. Raina dai ba daɗi.

A hanya Auta bai ce komai ba, ni ma haka. Batir ɗaya ya fara kumbura, sai an canza. Maman yara da na ba ta labari cewa ta yi kada in ga laifin mutumin, wanda ke roƙo a madadin wasu shi ya san zafin a ce masa ya dawo gobe.

Da na zauna gaban laftof na buɗe hoton ɗakin kwanan, ina cikin goge ƙafar kyamara daga ƙasa, wanda dole ne a kowane hoto tunda a kanta take tsaye, sai na ja linzamin sama don in duba ɗinkin silin. Ga shatin ruwa nan baƙi ƙirin, ya faro daga kusurwa ya miƙe har saitin gadon da ke kusa da taga, silin ɗin ya ɗan yi ciki ya sauko. Na sake ja ƙasa, ga bokitin roba a gefen gadon, an ja gadon an raba shi da bango don kada ruwa ya sami katifa. Ina ɗakin ɗazu ban ɗaga kai ba sam, hankalina na kan takardun suna, amma kyamarar ta ɗauka tunda ita ba ta barin sama. Abin da ke bangonsu kenan, kuma babu fuskar kowa a ciki. Mutumin da zai shiga da yatsansa ya juya ya ga wannan da kansa, a ganina zai fi yarda da shi a kan hoton yaro mai hawaye, wanda kowa ya san ana iya shirya shi.

Don haka na canza tsarin. Zan sa kibiya a kan shatin, wanda ya danna ya ji muryar Hajiya tana faɗin yadda suke kwana in ana ruwa, minti ɗaya ya isa, in ta yarda. Wata kibiyar a kan kantar ɗakin karatu da rabinta ba littafi. Zanen da yaran suka yi zan bar su a bango tunda na naɗe gefen da sunaye suke. Malaman da suka sa hannu a takardar amincewa su za su fito a aji, su manya ne sun san abin da suka yarda da shi. Tagar ɗakin kwanan kuma, a sauran ayyuka nakan ɗauki haske hawa hawa in haɗe don a ga ciki a ga waje, a nan da gangan zan bar ta fari fat, kada wani ya gane titin da take kallo. Bayanan GPS da kyamara ke liƙa wa hoto ma na cire su, kuma ɗakin kwanan ba zai hau taswirar Google ba, a shafinsu kawai zai zauna.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. In aka ɗora kuma tallafin bai zo yadda ake so ba, ni na koma gidana, Yallaɓai ne zai tsaya gaban ma'aikata ƙarshen wata, yaran ne za su ci gaba da jan gado. Na san inda na tsaya, ba zan ɗauki yaro a ɗakin kwanansa ba ko Hajiya ce da kanta ta canza magana, amma ba ni zan biya kuɗin wannan tsayuwar ba, shi ne abin da ke ci na.

Na tura masa saƙo ɗazu na ce akwai abin da nake so ya gani kafin a ɗora komai. Ya karanta bai amsa ba. Gobe da safe zan kira shi, in ya ba ni dama in je ofishinsa da laftof, in miƙa masa linzamin ya ja sama da hannunsa.