Yadda katangar Gwaggo ta maida ni mai ba da shawarar gyaran gida

Mutane na yawan tambayata wai ya aka yi na bar shantiyen gini na koma yawon duba gidajen jama'a ina surutu a radiyo. Gaskiya ban tsara ba, kunya ce ta kai ni.

Lokacin da na gama karatun gini na dawo Damagaram da diplom ɗina kaina ya kumbura, gani nake duk abin da ba sima da ƙarfe ba to ba gini ba ne. Gwaggona a unguwar Birni take, gidan ƙasa tun na kakanni, duk shekara sai an yi yaɓe kuma ta gaji da biyan magina. Na ce Gwaggo ki bar wahalar nan, a shafe katangar da sima a huta. Ta saida tumakinta biyu aka sayo buhuna. Damina ta farko lafiya lau har maƙwabta na zuwa kallo, ta biyu kuwa cikin watan Agusta da asuba sai ga yaro a ƙofarmu wai in zo maza. Siman ya ɓalle falle guda, ƙasar da ke bayanshi ta zama kunu, rabin katangar na kwance a lungu, Allah dai ya kiyaye ba kowa a wurin. Gwaggo ba ta ce mini komai ba sai "sannu injiniya", wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Tsohon maginin da ke mata yaɓe tun kafin a haife ni shi ya zo gyara. Ya bi sauran bangon yana ƙwanƙwasawa da bayan hannu, inda ya yi ƙarar ganga sai ya dube ni ya ce, yaro ƙasa numfashi take kai kuma ka toshe mata hanci. Abin da yake nufi, sima ba ya kama ƙasa, zafin rana na buɗa su ba daidai ba sai tsaga ta fito, ruwa ya shiga ta nan ya rasa hanyar fita, bango na ruɓewa ciki waje kuma yana ƙyalli. A lakwal ba wanda ya taɓa faɗa mini haka.

Rani guda na yi ina bin Baba maginin ina miƙa mishi kwaɓi. Wurinshi na san makuba da ake jiƙawa daga kwasfar ɗorawa don ruwa ya zame, na san yadda ake soka wuƙa a azara a gane ko gara ta cinye ta, na kuma gane cewa yawancin gidajen da ke faɗuwa daga gindi suke mutuwa. Indararo ya gajarta yana zuba a jikin bango, ko ruwan wanki na kwanciya kusa da harsashi, ko hanya ta cika da yashi har ta fi tsakar gida tudu. Gyaran wani lokaci bai wuce jika biyu ba, dutse ƙarƙashin indararo da ƴar gangara da za ta kai ruwa waje. Damagaram, garin da ake bin ƴan garuwa da roƙo, shi ne kuma ruwa ke ka da gidajenshi, abin mamaki.

Da farko in aka kira ni sai in rubuta rapor da Faransanci, mai gida ya karɓa ya gode ya sa ƙarƙashin katifa. Sai na daina. Yanzu kama hannunshi nake in ɗora a inda ke da danshi, in tsaga ce mu sa alama da fensir a ƙarshenta mu rubuta kwanan wata, bayan sati biyu ya duba, in ta wuce alamar ko tana hawa a karkace tana buɗewa daga sama to a fidda yara daga ɗakin tukuna a yi maganar kuɗi. Da haka labari ya bazu daga Birni zuwa Zango har wani abokina da ke aiki a gidan radiyo ya ce in zo in amsa tambayoyin masu sauraro kafin damina, na je sau ɗaya, wayata ba ta sake hutawa ba.

Ranar da tsohon masallacin nan na Birni ya rushe a watan Satumba na 2024, ginin da ke tsaye tun wajen 1850, saƙonnin WhatsApp sun cika mini waya, kowa da hoton bangonshi, har masu gidan sima da a da suke ganin abin bai shafe su ba. Cikinsu har da muryar Gwaggo, wai injiniya zaurenta na yoyo, in zo in duba amma kar in taho da buhu.