Yadda Nake Kallon Rabe-raben Siginar Analog

Siginar analog ita ce wadda girmanta ke iya ɗaukar kowace ƙima a tsakanin iyakoki biyu ba tare da tsalle daga mataki zuwa mataki ba, kamar lantarkin da makirufo ke fitarwa sa'ad da mutum ke magana. A ganina, amfanin rarraba irin wannan sigina shi ne kowane rukuni yana nuna wa injiniya lissafin da ya dace da shi tun kafin ya ɗauki alƙalami.

Rabon farko shi ne tsakanin mai maimaita kanta da wadda ba ta yi. Wutar lantarki ta gida misali ce ta farkon, domin tana kammala zagaye 50 a kowace daƙiƙa a yawancin ƙasashe, ko 60 a Amurka. Irin wannan ana warware ta zuwa jerin igiyoyin sain da kosain (igiyoyin lissafi masu hawa da sauka sumul a kai a kai), hanyar da ta samo asali daga aikin da masanin lissafi Bafaranshe Furiye ya wallafa a 1822 kan yaɗuwar zafi. Akwai kuma rabo tsakanin wadda ake iya rubuta ƙa'idarta daidai da wadda ke zuwa kara zube, irin hargitsin sigina da zafi ke haifarwa cikin wayar lantarki. Ita wannan sai da lissafin yiwuwa ake fahimtarta.

Amma rabon da ya fi jan hankalina, wanda kuma ɗalibai suka fi tuntuɓe a kansa, shi ne na makamashi da ƙarfi, wato yawan makamashin da sigina ke ɗauke da shi a kowace daƙiƙa. Siginar da ta zo ta wuce, kamar tafi ɗaya, jimillar makamashinta tana da iyaka, don haka idan aka raba shi a kan lokaci marar ƙarshe, matsakaicin ƙarfinta sifiri ne. Igiyar sain kuwa, tunda a lissafi ba ta da farko ba ta da ƙarshe, makamashinta ba ya ƙirguwa, sai dai matsakaicin ƙarfinta tsayayye ne: rabin abin da ake samu idan aka ninka tsayin ƙololuwarta da kansa. Sigina ba ta zama a rukunan biyu lokaci guda, amma tana iya rasa duka, kamar wadda ke ta hauhawa a miƙe ba tsayawa, domin makamashinta da ƙarfinta duk ba su da iyaka.