Abin da na koya a karatun asusun zuba jari na haɗaka

Aikina shi ne riƙe littafin kuɗi na ƙungiyar gama kai ta ma'aikatan makarantarmu. Duk wata ana cire wa memba wani abu daga albashinsa, a ba masu buƙata rance, ragowar kuma ta kwanta a banki. Wannan ragowar ce ta sa ni karatun da ban taɓa yi a aji ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Kayan da naira miliyan ɗaya ta saya a ƙarshen 2023, sai an ƙara mata dubu 348 kafin ta iya sayensu a ƙarshen 2024. Kuɗin membobi yana nan cif a littafi, amma buhunan shinkafar da zai ɗauko sai raguwa suke yi. Kwamiti ya ɗora mini nauyin binciko asusun zuba jari na haɗaka da ake ta magana a kai, in dawo in yi wa jama'a bayani.

Tsarin kansa ba shi da wuyar fahimta. Mutane da yawa suna tara kuɗi wuri ɗaya, kamfani mai lasisi ya juya su a hannayen jarin kamfanoni ko takardun bashin gwamnati ko sukuk (takardun jari na Musulunci da ba kuɗin ruwa a cikinsu), kowa ya samu riba ko ya ɗauki asara gwargwadon abin da ya zuba. Duk wanda ya san adashe ya san rabin maganar, sai dai a adashe abin da ka zuba shi kake kwasa, a nan kuwa yana iya ƙaruwa, yana iya raguwa. Abin da kake saya shi ne kaso. Idan farashin kaso naira 2 ne ka zuba dubu 50, kana da kaso dubu 25. Farashin ya sauka zuwa naira 1 da kwabo 80, dukiyarka ta koma dubu 45 ba tare da wani ya taɓa maka ko kwabo ba. Wannan ɗan lissafin shi ne tushe, kuma na lura yawancin masu tallan abin suna tsallake shi da sauri.

Babban darasin da na samu ya shafi inda ake neman ilimin. Gajerun bidiyoyin da ke yawo a waya suna da amfani guda: suna sa mutum ya ji sunan abin, tsoro ya ragu. Bayan wannan, mafi yawansu riba kawai suke faɗa, wasu kuma da lambar gayyata a ƙarƙashi, wadda mai bidiyon ke cin lada da ita idan ka yi rajista. Ba na zargin kowa da mugun nufi, amma mai neman ka shigo ba zai daɗe yana lissafa maka dalilan jinkiri ba. Karatun da ya zaunar mini da abin a kai yana cikin takardun da ba wanda ke ɗokin buɗewa, kuma dukkansu kyauta ne.

Na fara da shafin intanet na SEC, hukumar da ke sa ido a kan kasuwar jari ta Nijeriya. A can ake duba ko kamfani yana da rajista, kuma hukumar tana fitar da jadawalin mako-mako mai ɗauke da sunayen asusun da ta yi wa rajista, girman dukiyar kowanne da farashin kasonsa. Jadawalin bushasshe ne, lambobi ne zalla, amma da na jera na makonni daban-daban sai na fara gani da idona abin da aka daɗe ana faɗa mini da baki. Asusun hannayen jari yana hawa yana sauka. Asusun kasuwar kuɗi, wanda ke sayen takardun bashin gwamnati na gajeren zango da ajiyar banki, farashin kasonsa a tsaye yake, ribarsa ce ke canzawa. Akwai na dala, akwai na gidaje da filaye, akwai waɗanda ke bin ƙa'idar Shari'a a rukuninsu.

Daga nan sai takardar bayani da kamfanonin ke fitarwa duk wata, shafi ɗaya ko biyu. A ganina wannan takarda ta fi kowane darasi na kwas. Tana nuna inda kuɗin yake zaune a yanzu, kashi nawa a wane wuri, ladan da manajan asusu ke ɗauka, mafi ƙarancin abin da za a fara da shi, da kuma tsawon lokacin da dole kuɗi ya zauna kafin a cire ba tare da tara ba. Batun lada ya tsaya mini a rai. Idan aka ce kashi 1.5 cikin 100 a shekara, to a miliyan ɗaya dubu 15 ke nan, kuma ana cire shi ne daga dukiyar asusun, an ci riba ko ba a ci ba. Ba zalunci ba ne, ladan aiki ne, amma wanda ya riƙe amanar jama'a ya wajaba ya san shi, ya kuma kwatanta na wannan da na wancan.

Kundin tayi, wanda kamfani ke wallafawa lokacin buɗe asusu, shi ya fi tsawo, shi kuma ya fi ban gajiya. A cikinsa na fahimci abin da ya kwantar mini da hankali fiye da duk wani alƙawarin riba: kuɗin ba a hannun mutum ɗaya yake ba. Manaja ne ke yanke shawarar abin da za a saya. Wani banki daban ne ke riƙe da kadarorin a matsayin ma'aji. Akwai kuma amintacce, kamfani na uku da ke tsayawa a madadin masu zuba jari, yana duba ko manaja na bin yarjejeniya. Sannan ga mai binciken kuɗi na shekara. Tun daga lokacin, duk wanda ya zo mini da wata harka, ina tambayarsa wa ke riƙe da kuɗin, wa ke sa ido a kan mai juya su. Waɗanda suka shiga MMM kafin ta daskarar da kuɗin mutane a Disamba 2016, da waɗanda CBEX ta rufta da su a Afrilu 2025, da an amsa musu wannan tambaya tsakani da Allah, da da yawa sun ja baya. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri mai tsanani ga masu irin wannan damfara, amma ɗaure ɗan damfara ba ya dawo wa gwauruwa kuɗin sadakin 'yarta.

Sai dai rajista ba ta nufin ba a asara. A 2008 kasuwar hannayen jari ta Nijeriya ta faɗi da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda, kuma asusun da ke cike da hannayen jari sun bi ta ƙasa, duk da lasisinsu da amintattunsu. Inshorar hukumar gwamnati ta NDIC ajiyar banki take karewa, ba ta shafi wannan ba. Na ga dole in faɗa wa membobi haka ƙarara, ko da zai sanyaya wa wasu gwiwa.

Inda na fi daɗewa shi ne batun halal, domin shi ne tambayar farko a wurinmu. Wata dattijuwa cikin malamanmu ta tare ni tun ban gama gabatarwa ba, ta ce, "Malam, duk wannan na ji, amma ka faɗa mini, da ruwa a ciki ko babu?" Na ce, "Hajiya, a wasu akwai, a wasu babu, kuma takardarsu tana nunawa." Asusun kasuwar kuɗi na yau da kullum, wanda aka fi tallatawa saboda ba ya yawan faɗuwa, ribarsa daga kuɗin ruwa take fitowa. Wanda ke guje wa kuɗin ruwa ba wurinsa ba ne. Amma akwai zaɓi na gaske. Lotus Capital ta buɗe asusunta na halal a 2008, kuma daga baya wasu manyan kamfanoni, irin su Stanbic IBTC, suka fito da nasu. A 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko, na naira biliyan 100, aka zuba a gina hanyoyi, masu jari suna karɓar kuɗin haya maimakon ruwa. Wannan ya ba asusun Shari'a wurin ajiye kuɗi mai ɗan kwanciyar hankali, ba sai hannayen jari kaɗai ba.

Na kuma koyi cewa kalmar halal a jikin suna ba ta wadatar. Ana duba ko asusun yana da majalisar malamai masu ba shi shawara, da ko ana fitar da rahotonsu. Ana duba yadda ake tace kamfanoni: a cire masu giya da caca da bankunan ruwa, sannan a auna yawan bashin ruwan da ke kan sauran. A ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke Bahrain mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, kuɗin shigar da ba halal ba kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na abin da kamfani ke samu, kuma wannan ɗan abin ma ana ware shi a bayar sadaka don tsarkake ribar. Da na kai wa limaminmu wannan bayani, ya ji daɗinsa, ya kuma tuna mini da zakka, wadda ke kan mai dukiya ya lissafa idan ta kai nisabi shekara ta zagayo.

A ƙarshe kwamiti ya raba kuɗin bisa lokacin da za a buƙace su. Na rancen azumi da Sallah da kuɗin makarantar yara bai motsa daga inda hannu ke kai masa ba. Abin da muka tabbata zai shekara ba a taɓa ba, shi muka yarda a kai asusun sukuk, kuma duk wata ina manna takardar bayaninsa a allon ofishin malamai.

Abin da ke damuna har yanzu shi ne duk takardun da suka zo hannuna da Turanci suke, Turancin ma na lauyoyi da akantoci. Ni na samu damar zama da su da ƙamus a gefe. Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ke juya miliyoyi, da matar aure mai sana'ar ƙuli-ƙuli da ke tara dubu biyar-biyar, ba su da wannan damar, shi ya sa mai zaƙin baki ke riga kamfani mai lasisi isa wurinsu. Takardar wata-wata shafi ɗaya ce. Kamfanin da ke neman kuɗin mutanen Kano da Katsina da Sakkwato zai iya fitar da ita da Hausa, ya kuma sa a karanta ta a rediyo, da ladan manaja da sharaɗin cire kuɗi da yiwuwar asara duk a ciki. Kafin su yi, ni dai ina rubuta tamu da hannu, ina karanta wa membobi a taron ƙarshen wata.