Yadda nake gane maƙerin tsohuwar aska da asalinta

Shagona ƙarami ne, ni da yara biyu muke aiki a cikinsa, kuma sana'armu ita ce wasa wuƙaƙe da almakasai da gyaran tsofaffin asake irin masu naɗewa cikin ƙota, waɗanda tsofaffin wanzamai ke kira askar bature domin su bambanta ta da wadda maƙeranmu ke yi. Wasa aska ba shi ne abin da ya fi cin lokacina ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne amsa tambayar da kusan kowane mai aska ke zuwa da ita, wato wa ya ƙera ta, a wace ƙasa, kuma a wane zamani.

Wurin da nake fara dubawa shi ne wuyan askar, wancan ɗan ƙarfe mara kaifi da ke tsakanin ruwan aska da ƙusar da ta riƙe ƙota, domin a nan maƙera ke buga tambarinsu. Ina shafa masa mai kaɗan, in goge da tsumma mai laushi, sannan in duba da gilashin ƙara girma a hasken rana. Ina roƙon duk wanda ya gāji aska kada ya kai mata magagari ko yashi da niyyar cire tsatsa, saboda tambarin ba shi da zurfi, kuma idan ya goge babu mai iya dawo da shi.

Yawancin asaken da ke zuwa hannuna daga garuruwa biyu suka fito, Sheffield ta Ingila da Solingen ta Jamus, sai jefi-jefi in ga ta Thiers a Faransa ko ta Eskilstuna a Suwidin. Kowane gida yana da alamarsa. Joseph Rodgers yana buga tauraro da gicciye, George Wostenholm yana buga lofe ko haruffan I*XL, Böker yana da bishiya, Henckels kuma tagwaye. Idan na ga kambin sarauta tsakanin haruffa biyu a askar Sheffield, raina yakan yi fari, domin wannan yana taƙaita lissafi sosai: WR na nufin zamanin Sarki William na huɗu, daga 1830 zuwa 1837, VR kuwa zamanin Sarauniya Victoria ne, daga 1837 zuwa 1901.

Akwai wata ƙa'ida da masu wannan harka ke yawan dogara da ita. A 1890 Amurka ta yi dokar da ta wajabta a rubuta sunan ƙasar asali a kan kayan da ake shigar mata, aka fara aiki da ita a 1891, shi ya sa askar da aka buga wa "Sheffield" kaɗai ake kyautata zaton ta girmi wadda aka buga wa "Sheffield, England". Ni dai ban taɓa yanke hukunci da wannan kaɗai ba, domin dokar ta shafi kayan da ke shiga Amurka ne, kuma ba kowace aska aka ƙera domin kasuwar can ba. Abin da ya fi wannan tabbas shi ne rubutun "West Germany", wanda ba zai yiwu a same shi kafin 1949 ba.

Saboda haka nake neman shaida ta biyu a jikin ƙarfen. Asaken farkon ƙarni na 19 masu kauri ne da nauyi, gefensu kusan a miƙe daga baya har zuwa kaifi, wutsiyarsu gajeriya. Na ƙarshen ƙarnin da na bayansa an fafe gefensu ya yi kwarmi, har idan ka taɓa kaifin da farce sai ka ji yana amo siriri. Idan tambari ya ce tsohuwa ce ƙwarai amma surar ta ce sabuwa, to ko dai an sake fafe ta daga baya, ko kuma akwai abin da ban karanta daidai ba, sai in koma farko.

Ƙota ita ce shaida mafi rauni, domin tana karyewa a sauya ta. Kwanakin baya wani matashi ya kawo mini askar da ya samu a zabirar marigayi mahaifinsa, ransa a ɓace, saboda an ce masa jabu ce tunda ƙotarta roba ce. Da na goge wuyan sai ga sunan Wade & Butcher na Sheffield, ga ƙarfe mai kauri da ya dace da sunan, ga kuma ƙusar da aka daddoke da hannu ba daidai ba, alamar wani ya sauya ƙotar a hanya. Na yi masa sabuwar ƙota ta ƙahon bijimi, na bar dattin shekarun da ke kan tambarin yadda yake, sannan na rubuta masa abin da na karanta a takarda ya ajiye tare da askar a cikin zabirar.