Ƙofofin da ban ƙwanƙwasa ba a Samaru

A makon jiya ƙanina ya samu gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma da ya kira ni a waya, abin da ya fara tambaya shi ne, "Yaya, wace dabara ake yi a fita da digiri mai daraja ta ɗaya?" Na ba shi amsar da kowane tsohon ɗalibi zai bayar, wato kada ya yi fashin lacca, kuma kada ya raina ajin farko, domin makin da aka tara a shekarar nan yana bin mutum har ranar kammalawa, kuma mai son kaiwa makin 4.50 cikin 5.00 da ake buƙata don samun wannan daraja ba shi da zangon da zai yi wasa da shi. Bayan mun yi sallama sai na ji ban faɗa masa abin da ya fi damuna ba.

Na karanci tattalin arziki a harabar Samaru, kuma rayuwata gaba ɗaya tsakanin wurare uku ta tsaya: ɗakin kwana na Ɗanfodiyo, zauren lacca da masallaci. Handawut da tambayoyin jarrabawar baya su ne littattafaina. Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, wanda aka raɗa wa sunan tsohon gwamnan Jihar Arewa, ba na shigarsa sai jarrabawa ta ƙarato, shi ma don neman kujera da wuta, ba don abin da ke kan kantoci ba. Sai a shekarar ƙarshe, da rubuta kundin kammala digiri ya tilasta mini, na fara buɗe kundayen waɗanda suka gabace mu, na ga irin aikin da ake iya yi idan an fara da wuri.

Abin da ya fi ba ni kunya ya faru ne a gida. Lokacin da malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba na 2022, na koma ƙauyenmu ina taya mahaifinmu noma. Wata rana malamin gona ya kawo mana irin wake, a jikin ledar an rubuta SAMPEA, sai ya dube ni ya ce ai daga makarantarku aka fito da shi, harufan farko na sunan daga Samaru aka ɗauko su. Na yi shiru, domin ban sani ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru ta samo asali tun 1922, shekara 40 kafin a buɗe jami'ar kanta a 1962, kuma daga nan ne masara mai suna SAMMAZ, gyaɗa SAMNUT da dawa SAMSORG suka fito. A watan Disamba na 2019, ina ɗalibi a can, aka amince da fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar nan da ke huda kwanso, wadda ita ce ke sa manomi yawan feshin magani. Ni ɗan manomin wake, mai karatun farashi da kasuwa, na yi shekaru 'yar tafiya kaɗan daga wurin ban taɓa leƙawa ba. Da na leƙa, da wataƙila kundina ya kasance a kan kuɗin feshi da farashin wake a kasuwar Dawanau, maimakon batun hauhawar farashi da ɗalibai da yawa suka riga suka tauna.

A ganina, katin shaidar ɗalibi ya fi yadda muke ɗaukarsa daraja. Mai riƙe da shi yana iya ƙwanƙwasa ofishin farfesa ya ce bai gane ba, a zaunar da shi a yi masa bayani, alhali bayan ya fita sai ya rubuta takarda ya jira a ba shi rana. Akwai wata 'yar ajinmu da ta gane haka tun muna aji biyu. Ta roƙi wani malami ya riƙa tafiya da ita tattara bayanai a ƙauyukan kewayen Zariya, ba tare da ana biyanta komai ba, kuma muna yi mata dariya cewa ta zama 'yar aike. A can ta koyi tsara tambayoyin bincike da sarrafa alƙaluma a kwamfuta. Sakamakona ya fi nata, amma kafin mu gama hidimar ƙasa ita ce ke da aikin da ke jiranta, kuma wasiƙar malamin ce ta kai ta.

Daren jiya na sake kiran ƙanin nawa. Na ce masa da zarar ya gama rajista ya je ya yi katin ɗakin karatu, sannan ya taka zuwa cibiyar nan ya gaishe da duk wanda ya tarar, ya faɗi sunan ƙauyenmu da irin ƙasar gonarmu, ya tambayo wane irin wake ya dace Baba ya shuka a damina mai zuwa.